Marsandi 190 ta tsere tana rawar ƙafar gaba, an yi balansin da alaimen ba ta daina ba

Tambaya daga wani matashi a Gyaɗi-Gyaɗi: "Assalamu alaikum Oga. Ina da Marsandi 190 da na gyara don tseren miƙe, irin wanda mota biyu ke tashi tare a ga wadda za ta riga kaiwa. Na cire kujerun baya, na mayar da batir cikin but, na yanke sifirin na gaba don ta zauna ƙasa, na sa manyan tayoyi a baya da sirara a gaba a kan rim na kwalliya, da sifesa, farantin da ke tura taya waje. Yanzu idan na kai gudun wajen kilomita 110 sitiyari yana karkarwa, in na wuce ya lafa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne idan na ƙure ta na saki totur: gaban motar gaba ɗaya sai ya kama rawa, sitiyari yana neman ƙwace mini. Na yi balansin sau biyu, na yi alaimen na kwamfuta, an ce lafiya lau. Makanikena ya ce in sa sabuwar shokozobar sitiyari, ko ma guda biyu. In sa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sa tukuna, kuma kada ka sake ƙure motar nan sai an gano bakin zaren. Abin da ka kwatanta mini cuta biyu ce a jikin mota ɗaya, kowacce da sanadinta, kuma shokozobar sitiyari ba ta warkar da ko ɗaya daga ciki. Ƙaramar ita ce karkarwar da ke zuwa a 110 ta wuce. Babbar, wadda ke kifar da mota, ita ce rawar da ke tashi idan ka saki totur.

Mu fara da ƙaramar don mu kawar da ita daga hanya. Duk karkarwar da ke zuwa a wani gudu sananne, ta lafa in an wuce shi, daga abin da ke juyawa take: taya, rim, ko hob, wato inda ake ɗaure rim. Taya mai lamba 195/65R15 kewayenta kusan mita 2 ne, don haka a gudun kilomita 100 tana juyawa sau 14 a daƙiƙa. Ƙafar mota, da nauyinta da taushin tayarta, tana da nata saurin girgiza na ɗabi'a, wajen sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Idan juyawar taya ta zo daidai da wannan, sai su haɗa kai, ka ji shi a hannunka. In ka ƙara gudu suka saɓa, sai ya lafa. Lafawar nan kada ta ruɗe ka. Giram 30 kacal da ya rinjayi gefe ɗaya na rim mai inci 15 yana fizgar ƙafa da ƙarfin kilo 4 da ɗoriya a gudun 100, a gudun 200 kuwa ya ninka sau huɗu, ya kusa kilo 18, kuma a kowace juyawa yake dukan boris da bol-joyin.

To me ya sa balansin sau biyu bai yi ba? Domin injin balansin yana riƙe rim ta ramin tsakiyarsa, motarka kuwa wataƙila ba ta nan take riƙe shi ba. Hob na Marsandi yana da leɓe mai faɗin milimita 66.6, a kansa rim na asali yake zama cif. Yawancin rim na kwalliya ana yi musu rami mafi faɗi, sau da yawa 73.1, don su shiga motoci da yawa, sai a cike gibin da zobe. Idan zoben babu, ko sifesarka faranti ce sumul marar leɓe, to kusoshi biyar ne kaɗai ke nema wa tayar tsakiya, kuma ba sa samunta daidai. Rabin milimita ya isa. Duba kusoshin ma: na Marsandi gindin kansu a dunƙule yake kamar rabin ƙwallo, na yawancin rim ɗin kwalliya kuwa tsini ne a karkace. In aka haɗa wannan da wancan, kusa za ta ɗauru amma a kan siririn layi take zaune, tana sassautawa da kanta. Ɗaurin kusar 190 nitan-mita 110 ne, da sifanar awo, mota a ɗage, ana tsallake ɗaya a ɗaure ɗaya.

Ɗaga ƙafar, ka ajiye bulo kusa da tayar, ka ɗora alli a kansa yana kusan taɓa ta, ka juya a hankali. Inda allin ya shafa ya bar wani wajen, nan tayar ko rim ɗin ya karkace. Ka shafa tafin hannunka a kan shatin tayar, ko za ka ji ƙulli, alamar wayar ciki ta rabu. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2317 na nufin mako na 23 a shekarar 2017. Sannan harafin da ke ƙarshen lambar tayar: Q iyakarta 160, T 190, H 210, V 240. Tayoyin hannu da yawa da ake shigo mana da su na ƙanƙara ne, robarsu mai taushi ce da aka yi don sanyin Turai. Irin wannan a kan kwaltar Kano a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ban yarda a yi tsere da ita ba ko da shatinta na sheƙi.

Yanzu babbar. Wannan ba ta buƙatar taya marar balansin. Ita ce ke ciyar da kanta: taya ta ɗan karkata hagu, hanya ta mayar da ita dama da ƙarfi, ta zarce, hanya ta sake mayar da ita, kowane zagaye ya fi na baya. Ka taɓa ganin ƙaramar tayar gadon tura marasa lafiya a asibiti tana kaɗa kai idan an tura shi da sauri? Ita ce, sai dai taka tana ɗauke da mota mai nauyin fiye da tan ɗaya. Abu uku take so kafin ta tashi: sako-sako a ƙafa, kusurwoyin da suka ɓaci, da abin da zai tsokane ta. A motarka, sakin totur shi ne tsokanar.

Sako-sako ake fara nema, domin duk awon da aka yi a kan ƙafa mai motsi aikin banza ne. An ƙera 190 daga 1982 zuwa 1993, ƙaramar cikinsu ta haura shekara 30. Sitiyarinta ba rak ba ne, akwati ne, kuma daga akwatin zuwa taya akwai gaɓoɓi da yawa: hannun akwatin, sandar tsakiya, hannun rakiya da ke ɗaya gefen, tayarod biyu kowanne da kai biyu. Kowace gaɓa in ta ba da ɗan motsi kaɗan, in ka tara su sai ka samu taya mai 'yancin kanta. Hanyar da nake bi ita ce mota tana ƙasa a kan tayoyinta, a kan rami, yaro yana kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, ni kuma ina ƙasa na dafe kowace gaɓa da tafin hannu. Ido ba ya gani, hannu yana jin ƙas-ƙas ɗin. A 190 na fi kama ɓarawon a bushin hannun rakiya. Kama shi ka ɗaga sama ka danna ƙasa, bai kamata ya motsa ba.

Bol-joyin na ƙasa yana da tarko. A wannan motar sifirin a kan hannun ƙasa yake zaune, don haka in ka ɗaga motar ta jiki, sifirin yana matse gaɓar, ka girgiza taya ka ji ta gam alhali ta mutu. Jak a ƙarƙashin hannun za ka sa, kusa da taya, sannan ka zura ƙarfe ƙarƙashin tayar ka ɗaga. Wannan gaɓar in ta fita, taya ce ke kwanciya cikin fenda. Boris na gaba kuma irin mai ɗauri ne, sararin da aka yarje masa milimita 0.01 zuwa 0.02, wato abin da hannu ba zai ji ba. In ka ji motsi, ya yi yawa. Akwatin sitiyari yana da kusar ragewa a samansa, amma kada a matse ta har sitiyari ya daina dawowa tsakiya da kansa. Idan za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kaya, tafi da tsohon a hannunka a gwada tsawo da tsinin kai, kuma ka sayi gefe biyu tare.

Idan ƙafa ta tsuke, sai mu zo inda gizo ke saƙar, wato takardar alaimen ɗin da ta ce maka lafiya lau. Ban ce mai injin ya yi maka ƙarya ba. Ya auna motar tana tsaye, ba kowa a ciki, hancinta a inda ya saba hutawa. Motar tseren miƙe kuwa ba ta zama a wannan tsayin sai a gareji. Tseren nan, wanda hukumar NHRA ta Amurka ta tsara masa dokoki tun kafa ta a 1951, nisansa na asali rubu'in mil ne, mita 402. A cikin wannan ɗan nisan hancin mota yana tashi sama da zarar an saki kuloci, ya ɗan faɗo a kowace canjin giya, ya sake tashi, sannan a ƙarshe, daidai lokacin da gudu ya fi yawa, a saki totur ya nutse ƙasa gaba ɗaya. Tambayar da ya kamata a yi ita ce: ina tayoyin gaba suke kallo a kowane ɗaya daga waɗannan tsayin?

Hannun ƙasa yana lilo a kan bushinsa, yana zana baka. Tayarod shi ma yana lilo a kan kansa na ciki, yana zana tasa bakar. Masu ƙera motar sun jera su yadda bakunan biyu za su tafi kusan tare a tsayin da aka yi motar ta zauna. Da ka yanke sifirin, ka saukar da ita zuwa inda bakunan suka fara rabuwa. Daga nan duk sanda ƙafa ta hau ko ta sauka, tayarod zai ja tayar ko ya tura ta, sitiyari yana hannunka bai motsa ba. Turawa na kiran wannan bom-sitiya, mu a gareji cewa muke mota tana murza kanta. Idan nutsewar hanci tana buɗe bakin tayoyin, kowacce tana neman tafiya gefenta. Wadda ta fi ɗaukar nauyi a wannan ƙiftawar ta ja motar, nauyi ya koma kan ɗayar, ita ma ta ja. Rawarka ke nan.

Na ga wannan da idona a wata 190 da aka kawo mini, mai ita ya riga ya canza shokozobar sitiyari sau biyu. Da garanda aka datse mata zagaye biyu na sifirin, kuma na dama ya fi na hagu guntu da kusan faɗin yatsa. Da na kwanta ƙarƙashinta na ga tayarod suna kallon sama ta wajen taya, kamar hannun mai addu'a. A tsaye, tayoyinta a tsuke suke milimita 2, daidai yadda takardarsa ta nuna. Muka ɗora buhun siminti uku a kan gabanta, hanci ya sauka wajen santimita 4, muka sake ja da tef: a buɗe milimita 7. Milimita 9 ta murza kanta ba wanda ya taɓa sitiyari. Na kira mai motar na ba shi tef ɗin ya karanta da kansa, ya daɗe a tsugune bai ce komai ba. Muka mayar mata da sifirin na asali, aka canza bushin hannun rakiya, rawar ba ta dawo ba.

Kai ma za ka iya wannan awon, ba ya buƙatar kwamfuta. Nemi daɓe shimfiɗaɗɗe. Ƙarƙashin kowace tayar gaba sa farantin ƙarfe biyu da giris a tsakaninsu, don tayar ta zame ba tare da ta riƙe ƙasa ba. Ɗaure sitiyari a tsakiya. Sa nauyinka a kujerar direba, kai ko buhu, da man da kake tsere da shi a tanki. Jingina katako miƙaƙƙe a gefen kowace taya, ka ja tef biyu, ɗaya gaban tayoyin ɗaya bayansu. Bambancin su shi ne tsukewa ko buɗewa. Rubuta. Sa jak a tsakiyar gaban motar ka ɗaga jiki santimita 2 da rabi, ka sake aunawa, ka ƙara 2 da rabi, har tayoyin su kusa barin ƙasa. Sauke, sannan ka ɗora nauyi a gaba kana aunawa yayin da take nutsewa. Abin da nake so in gani shi ne lambobin su kusa zama ɗaya daga sama har ƙasa, canjin kada ya wuce milimita 2 ko 3, kuma ko a wane tsayi kada su tsallaka zuwa buɗewa. Masu tseren da suka san aikinsu a tsayin gudu suke saita tsukewar, wato hanci a ɗan ɗage, direba a ciki, su ba ta kamar milimita 1.5 zuwa 3. Marsandi ma a littafinta na gyara ta ce a auna wannan ana tura gaban tayoyin waje da sanda mai sifirin, da ƙarfin kusan kilo 10, don a cinye sako-sakon da hanya za ta cinye. Tambayi mai alaimen ɗinka ko ya yi haka.

Idan lambobin suka ɓaci, maganin farko shi ne mayar da tsayin motar. Ni a ganina yanke sifirin na gaba a motar tseren miƙe asara biyu ce, domin wannan tseren yana son hanci ya samu sararin tashi ya zuba nauyi kan tayoyin baya. Ka rage wa kanka tashi, ka kuma ɓata sitiyari. Abu biyu nake roƙonka: kada kowa ya gasa hannun sitiyari da wutar gas ya lanƙwasa shi da sunan gyara kusurwa, ƙarfen da aka gasa yana karyewa ba sallama. Kuma sifirin na 190 dogo ne, a matse yake ƙwarai, da na'urar matsewa ta musamman mai shiga ta cikinsa ake fitar da shi. Ya raunata mutane.

Sai kasta. Dubi keke daga gefe: ƙarfen da ke riƙe tayar gaba a kishingiɗe yake, samansa ya koma baya. Wannan kishingiɗar ce ke sa keke ya miƙe ko ka saki hannu. Motoci da yawa digiri 3 zuwa 7 ake ba su, 190 kuwa wajen 10 take da shi, shi ya sa take kwanciya a kan hanya yadda ka sani. Amma kasta a jikin mota take, in jiki ya sunkuya ita ma ta ragu. Tsakanin tayar gaba da ta baya a 190 milimita 2,665 ne, saboda haka duk santimita 4.6 da gaba ya yi ƙasa da baya, digiri ɗaya ya tafi. Kai ka sauke gaba, ka ɗaga baya da manyan tayoyi, ka kuma cire kujeru baya ya ƙara tashi. Ƙara nutsewar sakin totur a kai, za ka ga a daidai lokacin da kake buƙatar motar ta miƙe da kanta ne ta fi rasa abin miƙewa. Kada kuma ka ce a ƙara kasta iya iyawa: in ta yi yawa a kan gaba marar nauyi, ƙarfin dawo da taya tsakiya yana zarcewa, ita ma rawa take haifarwa. Ana saita ta da kusoshi masu ƙusumbi da ke jikin hannun ƙasa, tare da kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje. Nemi lambar asali, gefe biyu kada su bambanta da fiye da rabin digiri, kambar kuma ta tsaya kusa da sifili.

Sifesar nan, cire ta. Duk milimitar da ta tura taya waje tana ƙara wa hanya tsawon hannun da take murza sitiyari da shi. Ƙaramin tudu ko birki mai kama gefe ɗaya sai ya zama babban fizga. Nemi rim da lambar ET ɗinsa, wadda ke nuna yadda yake shiga ciki ko fitowa waje, ta yi kusa da ta asali, an buga ta a bayan rim ɗin. Danna kowane gefen gaban motar ka saki, in ta yi lilo fiye da sau ɗaya shokozobar ƙafa ta gaji. Ƙwararru suna sa wa gaba irin wadda ake kira 90/10, mai saurin miƙewa da jinkirin komawa, don hanci ya tashi da wuri ya sauko a hankali. Mushen shokozoba tana ba ka rabin farko kawai, hanci ya tashi, ya faɗo tim. Leƙa ƙafar baya ma, hannaye biyar ne a kowane gefe, in bushinsu ya ci, baya yana karkata ƙarƙashin wuta ya dawo idan an saki, kai kuma ka ɗauka gaba ne.

To shokozobar sitiyarin fa? Da ita aka ƙera 190, don haka ya kamata a samu lafiyayyiya guda ɗaya a wurinta. Kwance kai ɗaya ka ja ka tura da hannu: in akwai wurin da ta tafi fayau ba turjiya, ko tana yoyon mai, canza ta. Amma a ƙarshe, bayan komai ya daidaita. In ka sa ta yanzu, balle biyu, za ta rufe maka rawar a gudun 130 ta bar ta ta fito a 170, inda ba ka da sararin gyara kuskure. An kashe maciji ba a sare kansa ba ke nan.

Gwaji kuma ba a titin Zariya ba, ba a Istan Baifas ba, ko da asuba ne. Iyakar da dokar hanya ta ba ƙaramar mota a babbar hanya kilomita 100 ce, kuma ɗan adaidaita ko almajirin da zai tsallako bai shiga tsere da kai ba. Masu wannan wasan a inda aka tsara shi suna da fili rufaffe mai dogon wurin tsayawa, amma duk da haka bayan rasuwar direba Scott Kalitta a 2008 sai da NHRA ta rage nisan manyan motocinta zuwa ƙafa 1,000, wajen mita 305, don a samu sararin tsayar da su. Nemi wurin da aka rufe da izini, ka sa hular kwano da bel, ka hau gudu kilomita goma-goma, kana sakin totur a hankali a kowane mataki. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kafin kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. In rawar ta taso, kada ka take birki da ƙarfi, domin hanci zai ƙara nutsewa. Riƙe sitiyari da hannu biyu a miƙe, taka kuloci, ka bar gudun ya zube da kansa har ta lafa, sannan ka taɓa birki sannu-sannu.

Idan ka gama awon faranti da tef, aiko mini da lambobin kowane tsayi, da tsawon ƙasa zuwa bakin fenda a kusurwa huɗu, da lambar ET da ke bayan rim ɗinka. Da su zan iya gaya maka ko sifirin kaɗai za a mayar ko sai an taɓa tayarod.